Akuyar Iya Dije da Fuskar Saratu

Kaka ce, irin kakar da mutum ke daɗewa yana ba da labarinta. Ruwa ya sauka da wuri a shekarar, ya kuma ɗauke a kan lokaci, gyaɗa ta yi 'ya'ya sosai. In ka bi hanyar Funtua zuwa Bakori sai ka ga masara shanye a bakin titi, mashina na wucewa da buhuna har ba ka ganin mai tuƙin. Mutane sun samu sun yi noma, hankali a kwance, kowa ka gaisa da shi sai ya ja gaisuwar ta yi tsawo. A cikin wannan kakar aka yi ranar da har yau ba ta fita a raina ba, ranar da aka kusa sallamar Saratu daga aiki saboda ƙurajen fuskarta.

Sakatariyarmu ce ta ce in rubuta wannan don sababbin da ke shigowa ƙungiya. Ni karatuna na yaƙi da jahilci ne, sai da na haifi 'ya'yana sannan na iya riƙe biro. Yadda nake faɗa a baki, haka zan rubuta.

Ga wanda bai san aikinmu ba, mu ƙungiyar mata ce masu yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ana sayo gyaɗa a kasuwar Bakori, wani lokaci har Dayi. A ɓare ta, a soya sama-sama, a murje a sheƙe, sannan a kai niƙa. Ƙullun da ya fito shi ake zubawa a babban turmi, ana juyawa ana yayyafa ruwan zafi har mai ya taso. Wannan shi ne matsa, kuma shi ne aikin da ya fi cin ƙarfi. Abin da ya rage bayan an kwashe man sunansa tunkuza. Ita ake sa wa gishiri, a mulmula, a soya, ta zama ƙuli. Daga nan sai teburin ɗauri, inda ake ƙullawa a leda a kai shaguna.

A samanmu akwai shugaba, Hajiya Mairo. Akwai sakatariya da ma'aji. Ni kuwa uwar aiki ake ce da ni, wato ni ke raba wa kowa wurin tsayawarta, ni ke duba tsabta, kuma in an yi saɓani ni ake fara kawo wa. Yara suna kirana Inna, manya suna kirana Talatu.

Saratu a teburin ɗauri take, kuma ita ke kai kaya shaguna. Budurwa ce da ta gama sakandare, mai saurin hannu, mai yawan dariya. In tana ƙulla leda ba ka ganin yatsunta. Mahaifiyarta na sayar da koko da ƙosai a bakin layinsu. Ku riƙe wannan, zai yi amfani a gaba.

Sai kuma Iya Dije, wadda ta fi kowa daɗewa a matsa. Tsohuwa ce, amma in ta kama taɓarya ta shiga juya ƙullu, matasa biyu ba sa kamo ta. Fatarta sumul, tana sheƙi, kuma ba ta gajiya da faɗin sirrin. Muna da al'ada a wannan sana'ar tun kakanni: in an gama matsa, ba a wanke man da ya rage a hannu. Zubar da albarka ne. Sai a shafe shi a fuska, a hannaye, a ƙafafu. Haka na tarar, haka ni ma nake yi. Duk yammar duniya za ka gan mu mun fito daga wurin aiki fuskoki na walƙiya kamar an yi mana biki.

Iya Dije tana da akuya, Kyalla. A harabarmu take wuni. Ta saba da mu mun saba da ita, ba ta taɓa kayan kowa, ɓawon gyaɗa kawai take bi tana tsinta. Ana nan, kwanaki kaɗan kafin maganar Saratu, sai Kyalla ta bi inuwa ta shiga sito, inda muke ajiye tunkuza da man da ba a ɗura ba tukuna. Hajiya ta zo wucewa, ta ga ƙofa a buɗe, ta ja ta rufe ba ta leƙa ba. Akuya ta samu kanta a ɗaki ita kaɗai da tunkuza. Ta ci, ta ci, ta yi kashi, ta yi fitsari, zafi ya ishe ta, ta fara kuka tana dukan ƙofa. Wata ta ji motsi ta ƙwalla ihu wai ɓarawo. Kafin ka ce me, mun yi ca a kan sito, wannan da muciya, wannan da tsintsiya, Iya da taɓaryarta. Aka buɗe, aka rufa wa akuya. Ita ta bi ta tsakanin ƙafafu ta fice lafiya lau. Mu kuwa muka kifar da babban baho na mai, muka fasa tukunya, wata ta zame ta zauna daɓas a cikin man. Mun wuni muna kwasa muna dariya.

To, mu koma kan Saratu. Tun farkon damina ƙuraje suka fara fito mata a goshi. Da farko ƙanana. Iya ta gani ta ce, "Fatarki ce ta bushe, 'yar nan. Zo nan." Daga ranar, duk yamma sai ta kira ta, ta lafta mata mai da hannunta, har ta ƙara da na cikin ludayi. Ƙurjin da ya nuna kuma ta matse mata shi da farce. Don ƙauna take yi, kowa ya sani. Amma maimakon su ragu sai suka bazu zuwa kumatu da haɓa, suka yi ja, wasu suka ɗuri ruwa. Saratu ta daina dariya. Ta samo takunkumi ta riƙa rufe rabin fuskarta, tana ɗauri kanta a sunkuye.

Ranar da nake ba ku labari, da hantsi, sai ga Maman Chidi a kan acaɓa. 'Yar ƙabilar Ibo ce amma a Funtua aka haife ta, Hausarta ta fi tawa gudu. Tana da babban shago kusa da tasha, kuma ita ce ta fi kowa ɗaukar ƙulinmu. Ta gaisa da kowa, ta ja Hajiya gefe, Hajiya ta yafito ni.

Ta ce, "Hajiya, ni fa ba faɗa ya kawo ni ba. Jiya yarinyar nan ta kawo kaya, zafi ya dame ta ta sauke abin fuskarta. Wata mata ta riga ta ɗauki ƙuli, tana ganinta ta ajiye. Ta ce min, 'Madam, wannan ba ciwon nan ba ne da ake ɗauka?' Wata kuma ta ce a'a, gyaɗar ce ke sa haka, ga shaida nan a fuskar mai yi. 'Yan matan da ke saye a wurina duk sun ji. Yau ko ɗaya ba ta taɓa ba."

Hajiya ta ce, "Subhanallahi."

"Ni ina son yarinyar, tana da ladabi. Amma abin ci ne. Ko dai ku canza mai ɗauri da mai kawowa, ko in haƙura da kayanku sai wani lokaci."

Hajiya Mairo mace ce mai kirki, kada wani ya fahimce ni ba daidai ba. Amma nauyin mata da yawa ne a kanta. Bayan Maman Chidi ta koma gefe tana shan ruwa, sai ta ce min a hankali, "Talatu, a ba ta hutu. In ta warke ta dawo."

Na san irin wannan hutun. Kafin magariba duk unguwa ta ji cewa an kori Saratu daga wurin ƙuli saboda cuta. Daga nan ba wanda zai ƙara karɓar abu daga hannunta, kuma ba wanda zai tsaya sayen kokon uwarta, tunda ita ke taya ta dama shi da asuba. Aikin ma in ya tafi ana iya samun wani. Sunan ne ba ya dawowa da sauƙi.

Na ce, "Hajiya, ki ba ni zuwa la'asar. In kai ta asibiti a duba. In abin da ake ɗauka ne, ni da kaina zan raka ta gida. In ba shi ba ne, sai mu san abin yi."

Ta dube ni ta ce, "Ke dai ba kya gaggawa."

Na ce, "Ba na iyawa ne, Hajiya."

Ta yi murmushi ta ce in je. Na roƙi Maman Chidi ta dawo da la'asar, ta ce za ta dawo.

Ni da Saratu muka kama hanya har muka kusa asibiti. Sannan ta ce, "Inna, na ji abin da aka ce. Wallahi ina wanka. Har da soso nake dirje fuskar."

Na ce, "Na sani, 'yata. Mu dai je."

Ƙaramin asibitin unguwarmu ne. Aka yanka mata kati, muka zauna a benci cikin masu jego da masu awo har layi ya zo kanmu. Wadda muka samu ita ce Sista Bose, Bayarbiya ce haifaffiyar garin nan, kusan duk wata mai haihuwa a yankinmu ta san ta. Ta wanke hannu, ta zaunar da Saratu kusa da taga, ta ce ta cire takunkumin. Ta duba goshi, ta duba kumatu, ta duba tafin hannu da baya. Ta tambaye ta ko tana zazzaɓi, ta ce a'a. Ko sun fi tashi in al'adarta ta kusa, ta sunkuyar da kai ta ce e.

"To me kike shafawa?"

Saratu ta fara lissafi. Man gyaɗa. Lemun tsami. Toka. Man goge baki, wata ƙawarta ta ce yana busar da su. Kanwa, sau ɗaya.

Sista ta dafe kai ta ce, "Ƙanwata, fuska ce ko miya? Albasa kawai ta rage."

Karo na farko cikin watanni da na ji dariyar Saratu, ko da yake da hawaye ta fito.

Sista ta juyo wurina ta ce, "Mama, ki kwantar da hankalinki. Ƙurajen fuska ne na 'yan mata da samari. Ba a ɗauka, kuma ba ƙazanta ba ce."

Na ce, "Sista, na ji, na kuma gode. Amma ni za a tambaya da la'asar, kuma in na ce ba a ɗauka kawai, za su ce tausayi ne ya sa na faɗa. Ki fahimtar da ni yadda abin yake, a hankali, don kaina ba ya ɗaukar abu da gudu."

Ta leƙa waje ta ga layin ya ragu, sai ta jawo kujera. Ta ce in dubi bayan hannuna. Duk inda gashi ya fito, in ji ta, akwai ɗan rami, kuma a cikin ramin jiki yana yin nasa maiƙon, yana fitowa ta ƙofar gashin don fata ta yi laushi. A cikin waɗannan ramukan akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ake kira bakteriya. Wannan irin nasu a fata suke zaune, maiƙon suke ci.

Na ce, "A fatar Saratu?"

Ta ce, "A fatar Saratu, da taki, da tawa, da ta matar da ta ajiye ƙulin. Kowa da nasa yake yawo. Shi ya sa ba maganar ɗauka. Me za ki ɗauka, abin da kina da shi tun tuni?"

Na shafa fuskata ba tare da na sani ba. Na ce, "To ni me ya sa ba ni da ƙurji?"

Ta ce shekaru ne. In mutum yana tashen balaga da 'yan shekarun bayanta, jikinsa yana yin maiƙo da yawa. Maiƙon ya haɗu da matacciyar fata, sai ƙofar ramin ta toshe. In ta toshe iska ba ta shiga, su kuwa halittun nan wurin da ba iska suka fi so, ga abinci ya taru. Sai su yi yawa, su yi ta cin maiƙon, suna barin wani abu mai yaji da ke damun bangon ramin. Fatar da a da take haƙuri da su, sai haƙurinta ya ƙare, ta aika kira. Jiki yana da masu gadinsa, fararen ƙwayoyin jini, su ne garkuwar jiki. Suna jin kira sai su taho da yawa, jini ya taru a wurin. Jan da ake gani, da zafin, da kumburin, duk zuwansu ne da faɗan da suke yi. Mugunyar da ke taruwa a bakin ƙurji kuwa, yawancinta masu gadin ne da suka faɗi a wurin.

"Wato," na ce, "ba halittun ne suka kumbura mata fuska ba?"

"Su suka jawo. Amma yawan ɓarnar, masu zuwa taimako ne suka yi ta. In kuma aka matse da farce, bangon ramin na iya fashewa ta ciki, abin ya watsu a cikin fata, masu gadi su ƙaro. Shi ke barin baƙin tabo."

Ban san lokacin da dariya ta ƙwace min ba. Ni da ba na dariya da ƙarfi, har sai da wata mai jego ta leƙo. Saratu ta dube ni, na ce mata, "Kyalla." Ita ma ta toshe baki. Sista ta ce sai mun gaya mata. Na ba ta labarin sito daga farko har zuwa wadda ta zauna a cikin mai. Ta yi dariya har tana buga tebur.

Ta ce, "Mama, haka yake. Ki dai ƙara da cewa akuyar tana haihuwa a cikin ɗakin, don halittun nan yawa suke yi. Don Allah ki ara min akuyar nan, kullum sai na yi wannan bayanin."

Na tambaye ta batun cin gyaɗa. Ta ce ita ba ta da wata hujja cewa cin ƙuli ne ke kawo ƙuraje. Amma shafa mai a fuskar da dama maiƙo ya yi mata yawa, wannan yana ƙara toshe ƙofa. Ta ce fatar tsoho ta bushe, tana son mai, ta yarinya kuwa tana da nata har ya yi saura. Ta ce Saratu ta riƙa wanke fuska safe da yamma da sabulu marar ƙarfi, da hannu, ban da soso. Ta riƙa canza ɗankwalin da ya sha mai. Ta bar takunkumi in ba dole ba. Ta rubuta mata wani man shafawa na asibiti mai rage halittun yana buɗe ƙofar, a shafa kaɗan-kaɗan. Ta ja mata kunne a kan man bilicin. Ta kuma ce sai an yi haƙuri, abin makonni ne, kuma ta dawo a sake dubawa.

Da la'asar aka shimfiɗa tabarmi a gindin dogonyaro. Hajiya ta zauna, Maman Chidi ta zauna a kan benci, mata suka bar aiki suka kewaye mu. Saratu na gefena, fuska a buɗe, tana kallon ƙasa. Kyalla na can tana tsintar ɓawo.

Hajiya ta ce, "Talatu, muna jin ki."

Na ce, "Kafin in faɗi abin da Sista ta ce, ina da tambaya. Akuyar can, baƙuwa ce a gidan nan?"

Aka ce a'a.

"Ta taɓa yi mana ɓarna?"

Iya Dije ta ce, "Kyalla? Ta fi wasu mutanen hankali."

"To ranar sito me ya faru?"

Wata ta ce, "An rufe ta da tunkuza."

Na ce, "Wa ya rufe?"

Hajiya ta gyara mayafi ta ce, "Talatu, ba sai an kama suna ba."

Wuri ya ɗauki dariya. Na jira ta lafa, na ce, "To wa ya kifar da bahon mai? Akuya?"

Sai wadda ta zauna a cikin man ta ce, "Mu ne. Taɓaryar Iya ce ma ta fara."

"Akuyar nake nufi!" in ji Iya.

Daga nan na bi musu abin daki-daki yadda Sista ta bi min. Sito shi ne ɗan ramin gashi. Tunkuza ita ce maiƙon fuska. Akuya ita ce ƙananan halittun da ke jikin kowa, ba na Saratu kaɗai ba, duk wadda ke zaune a nan tana da nata. In ƙofa a buɗe take, lafiya lau ake zama. In ta rufe, sai su samu abinci su yi yawa, fata ta yi ihu, masu gadin jiki su taho da muciya da taɓarya kamar yadda muka taho. Jan da kumburin da kuke gani a fuskar yarinyar nan, na ce, bahon man da muka kifar ne. Jikinta ne ke ƙoƙarin kare ta, ya wuce gona da iri.

Maman Chidi ta ce, "Wace Sistar ce ta duba ta?"

Na ce Sista Bose.

"Ita ta karɓi haihuwar autana. Ba ta wasa da aiki." Ta juyo gare ni. "Amma dai, Inna Talatu, kin tabbata ba a ɗauka?"

Kafin in buɗe baki, na lura Iya Dije ta daina dariya. Na riga na faɗi maganar shafa mai da matsa da farce, a taƙaice, ban kalle ta ba, amma ta gane. Ta ce, da wata ƙaramar murya da ban san ta da ita ba, "Wato ni na rufe wa yarinyar nan ƙofa?"

Na ce, "Iya, ƙofar ta riga ta fara rufuwa da kanta, shekarunta ne. Ke dai kin ƙara tura ta. Kuma duk wadda ke nan da ita ce da haka za ta yi, don abin da muka gada ke nan. A fatarki magani ne. A tata ne bai karɓa ba."

Saratu ta matsa ta kama hannunta ta ce, "Iya, ai don kina sona ne."

Iya ta kalli hannun nan nata. Can sai ta miƙe tsaye, ta je gaban Maman Chidi, ta kai fuskarta kusa da tata.

"Madam, dube ni da kyau. Tun farkon damina hannun nan yake kan fuskar yarinyar nan kullum. In na gama da tata, in shafa tawa, ban taɓa wankewa a tsakani ba. Ƙuli kuwa tun ba a haife ki ba nake cinsa, da shi na ƙarar da haƙorana. Nemo min ƙurji ɗaya."

Maman Chidi ta duba dama, ta duba hagu, ta ce, "Iya, ko sauro ba zai iya tsayawa a nan ba, zamewa zai yi."

Ba zan iya kwatanta muku dariyar da aka yi ba. Har masu wucewa a waje suka tsaya. Da ta lafa, Maman Chidi ta miƙa hannu ta ce, "Saratu, ba ni ƙuli. Da hannunki." Saratu ta tashi ta ɗebo ta zuba mata a tafi. Maman Chidi ta jefa a baki tana gurgura a gaban kowa. Sai kuma ta girgiza kai ta ce, "Ku ji ni da Chidi. Goshinsa ya fara, wata guda ina yi masa faɗa wai ba ya wanka. Yau sai na ba shi haƙuri. To amma matan nan masu saye, me zan ce musu?"

Hajiya ta ce, "Ki ba su labarin akuya. Ki dai cire sunana."

Ta juyo ta dubi Saratu ta ce, "Koma teburinki, 'yata. Ledoji na jiran ki."

A zaman nan aka yanke cewa man da ya rage a hannu ba za a zubar ba, albarka tana nan yadda take. Amma 'yan mata su shafa a ƙafa da gwiwar hannu, su bar fuska. Tsofaffi kuwa kowa ta yi yadda ta ga dama. Iya ta ce dama ba ta nemi izinin kowa ba.

Kada ku ɗauka fuskar ta warke nan take. Ta ɗauki makonni, har da lokacin da Saratu ta ce min man asibitin ba ya aiki, na ce ta ci gaba. A hankali jan ya kwanta, tabon ya riƙa dushewa. Har yanzu wani lokaci ɗaya ko biyu na fito mata, sai ka ji Iya ta ce, "An sake rufe Kyalla," ita kuma ta ce, "Iya, ki ajiye taɓarya."

Abin da na koya a wannan rana, ku sababbi, shi ne sana'armu ta yarda ce. Mai saye bai ga yadda muka soya ba, bai ga yadda muka matse ba, fuskar wadda ta kawo masa kawai yake gani. Don haka tsoronsa ba laifi ba ne, amsa yake nema, kuma aikinmu ne mu je mu samo ta a wurin waɗanda suka sani. Na kuma ga cewa mu mata masu son juna ne, muna jin motsi za mu taho a guje. Sai dai gudun nan namu shi ya kifar da baho, kuma saura kaɗan ya kifar da yarinya da uwarta. In kuka ji ihu a wurin aiki, ku taho, amma ku leƙa tukuna kafin ku ɗaga muciya.

Washegarin zaman nan na riga kowa zuwa. Na ajiye bokitin ruwa da sabulu a bakin ƙofa don 'yan mata. Na buɗe sito na leƙa kowane lungu, sannan na ja ƙofar. Da Saratu ta gama ƙulla kayan Maman Chidi, na taya ta ɗora su a kan mashin. Ta hau, ta sa hannu a jaka ta ciro takunkumin, ta tsaya tana juya shi. Na miƙa mata hannu. Ta ba ni. Na ɗaure shi a bakin zanena, na ce wa ɗan acaɓan ya bi da ita ta babban titi.